Filin Gyaran Ɗaki: Falona Ya Yi Shiru, Wane Launi Zan Sa?

Assalamu alaikum, masu karatu. Wasiƙun wannan watan kusan duk bakinsu ɗaya, maganar launi. Ban yi mamaki ba. Damina ta yi sallama, bukukuwa sun kunno kai, masu sabon gini kuma suna ta haramar tarewa kafin hunturu ya kankama. Na tsamo guda shida. Ta farkon na fi daɗewa a kanta, domin shekara ashirin da 'yan kai ke nan ina ɗinkin labule da jeren amare a Kano, kuma a 'yan shekarun nan da wuya mako ya fita ba a zo mini shago da irin kukan da ke cikinta ba.

TAMBAYA: Anti, barka da aiki. Shekarata uku da aure. Lokacin bikina ruwan toka ake yayi, don haka kujeruna ruwan toka ne, labule ruwan toka, kafet toka da baƙi, tayil fari, bango fari. A hoto ya yi kyau ƙwarai. Amma yanzu in na zauna ni kaɗai sai in ji kamar a ɗakin jiran likita nake. Maigida ya ce ba maganar sake kujeru, kuma da gaskiyarsa, ba abin da suka yi. Me zan yi falon ya farfaɗo? — Wata mai karatu daga Kaduna

AMSA: Ƙanwata, ki ƙyale kujerun nan. Bangon ma kada ki taɓa shi. Falonki wankakken allo ne, rubutu kawai yake jira.

Bari in kai ki ɗakin kakata a cikin birni, inda na fara sanin kyan ɗaki. Bangon da farar ƙasa aka shafe shi. Ƙasan ɗakin daɓe ne da ya sha makuba, ya yi duhu-duhu yana sheƙi saboda shara da gogar ƙafa. Iyakar launin ginin ke nan, guda biyu, kuma dukkansu masu kawaici. Amma kina ɗaga labulen ƙofa sai idonki ya cika. Jeren kwalla ya tashi har kusa da azara, ja da kore da ruwan ɗorawa, kowace da murfinta. A kan gadon ƙarfe mai rumfa an shimfiɗa luru, fari mai ratsin shuɗi da ja. Fayafai uku na rataye a gefen taga. Jar dardumarta na naɗe a bisa akwati. Sai da na girma na shiga sana'ar nan na gane cewa duk wani abu mai launi a ɗakin nan abu ne da hannu ke iya ɗagawa. Ana saura mako guda Sallah za ta sa mu sauke jeren kaf, mu wanke da toka da soso, ta sake masa tsari, jajayen da ke ƙasa su koma sama. Ranar Sallah 'yan barka na shigowa suna cewa, "Iya, sabon kaya aka yi?" Alhali ko kobo ba ta kashe ba.

Wannan hanyar za ki bi. Ki buɗe akwatin lefenki, ko ki je wurin mahaifiyarki, ki nemo zani ɗaya wanda in kin gan shi ranki ke fari. Wanda ya zana atamfar nan ya riga ya ɗauke miki wahalar haɗa launuka, sana'arsa ke nan, idonki kuma ya riga ya amince da haɗin. Ki shimfiɗa shi a kan doguwar kujera, ki bar shi kwana biyu, ki riƙa kallonsa da hantsi, da la'asar, da dare bayan an kunna fitila. In bai gundure ki ba, to launi biyu za ki ɗauka daga jikinsa, babba ɗaya, ƙarami ɗaya.

Ruwan toka launi ne mai sanyi, fari fat ma haka, baƙi kuwa nauyi yake ƙara musu. Abin da suke nema shi ne mai ɗumi: ruwan goro, ruwan makuba, ruwan ɗorawa, ruwan zuma, ko jan nan na fatar akuyar Sakkwato. In kika ƙara musu ruwan bula ko ruwan omo, sanyin ne zai ƙaru. Shuɗi mai duhu irin na marina yana zama da toka, amma sai an yi masa rakiya da wani abu na fata ko na katako.

Masu karatun adon gida suna da wani lissafi: kashi 60 na ɗaki launi mai kawaici, kashi 30 launi na biyu, kashi 10 mai ƙarfi. Ba aya ba ce, amma ma'auni ne mai amfani. Ke yanzu kusan ɗari bisa ɗari kina kaso na farko. Ba sai kin ƙwato 40 ba, ko 20 kika samu falon zai buɗe ido.

Bara wata mai irin falonki ta kawo mini atamfar mahaifiyarta, Allah ya jiƙanta, mai ruwan goro da ganye-ganye kore shar. Rabin turmi, wato yadi uku, ya fitar mana da rigar filon kujera biyar. Daga ragowar muka yanko tsiri mai faɗin taƙi guda, muka bi gefen labulenta na toka da shi daga sama har ƙasa, labulen da ta zo da niyyar kyautarwa. Na aike ta Kasuwar Kurmi wurin dukawa ta sayo tumtum biyu na jar fata, aka ajiye su gaban talabijin inda yara ke zama. Sai tukunyar ƙasa guda a lungu da aka dasa moda a ciki, ganyenta a tsaye kamar takubba. Shi ke nan abin da muka yi. Daga baya ta ce mini duk sanda ta jingina da filon nan sai ta tuna zaman mahaifiyarta a tsakar gida tana tsintar shinkafa, ta yi mata addu'a.

Ki lura, launin nan mai ɗumi ya fito a wuri uku: ƙasa a tumtum, tsakiya a filo, sama a labule. In launi ya tsaya a wuri ɗaya tal, sai ya zama kamar mayafin baƙuwa da aka manta a kan kujera. In ya fito sau uku, ido na bin sa yana zaga ɗakin.

Sai fitila, wadda mutane suka fi mantawa da ita. Ki kwance ƙwan falonki ki duba jikinsa. In kin ga an rubuta 6500K, shi ne farin hasken nan mai ratsin shuɗi, kuma rabin kamannin asibitin da kike ji daga gare shi yake. Ki nemi mai 3000K ko 2700K, wanda haskensa ya yi ruwan zuma-zuma. Wasu ba sa son sa, suna cewa bai kai wancan haske ba. To ki bar farin a kicin da wurin karatun yara, ki sa mai ɗumin a falo, ko da a fitila ɗaya ce ta gefen kujera.

Abu ɗaya nake roƙonki, kada ki shiga kasuwa ki kwaso furannin roba da tarkace masu feshin gwal don cike gurbi. Wata biyu na hunturu ya ishe su su yi butu-butu, kuma ba sa wankuwa su koma yadda suke.

TAMBAYA: Hajiya, Allah ya ƙara basira. Allah ya rufa asiri na kammala ɗan ginina, ɗaki uku da falo, an gama filasta makon jiya. Mai fenti ya ba ni shawarar kowane bango na falo a yi masa launinsa daban, ya nuna mini hotuna a waya, har da masu zane-zane. Uwargida ta ce duk abin da na zaɓa ya yi. Ni kuwa ban san kan abin ba. Mece ce shawararki? — Wani magidanci daga Katsina

AMSA: Malam, Allah ya sanya alheri, ya sa a shiga a sa'a. Shawarata ta farko, ka dakata. Filastar da aka gama makon jiya ba ta bushe ba, ko da ta yi fari a ido. Siminti na son kamar mako huɗu. In aka yi gaggawar shafa fenti, ruwa da gishirin da ke cikin bangon za su nemi hanyar fita, sai ka ga ya yi dabbare-dabbare, fenti na kumbura yana ɓarewa kamar ɓawon gyaɗa. Ka ɗauki leda mai faɗin tafin hannu biyu ka manna a bango da salatif, ka rufe gefunanta ruf, ka bar ta ta kwana. In da safe ka ga gumi a cikinta, ko wurin ya fi gefensa duhu, da sauran lokaci.

Ta biyu, "duk abin da ka zaɓa" ɗin nan kara ce uwargida ta yi maka. Ita za ta yini a ɗakunan nan, kai kuwa sai dare. Ka tambaye ta launin kujeru da labulen da za ta shigo da su, a zaɓi fenti a kansu. Launin fenti a kanti ba ya ƙirguwa, amma kujerar da ke gida ita ce dai guda.

Maganar bango huɗu launi huɗu kuwa, ban goyi baya ba. Na san inda sha'awar ta samo asali, mu mutane ne masu son launi a jikin gini. Duk wanda ya tsaya a ƙofar fadar Zazzau, ko ya shiga zaurukan fadar Dutse, ya ga ja da kore da shuɗi da rawaya sun haɗu a bango ɗaya ba tare da faɗa ba. Amma ka duba yadda aka yi. Launukan a cikin zane suke, kowanne an kewaye shi da layi, an ba shi gurbinsa. Soron na da tsawo, kuma ba kujeru masu fure, ba kabad, ba talabijin da za su yi gasa da shi. Falo mai silin ƙafa goma cike da kaya ba zai ɗauki wannan nauyin ba. In ranka na son launi mai ƙarfi, ka ba shi bango ɗaya, wanda ido ke fara sauka a kansa in an shigo, sauran ukun su zama ruwan madara. In kuma zanen gargajiya kake so, ka nemo magini mai hannu ya fitar maka da dagi ɗaya a saman ƙofar zaure ko ta falo, can ne mazauninsa tun asali.

Kada ka zaɓi launi daga waya, kada kuma ka tsaya ga ɗan katin da ke kanti. Wannan da kuɗina na koye shi. Shekarun baya wata baiwar Allah ta damƙa mini gyaran ɗakin 'yarta, na zaɓi wani ruwan madara mai ɗan ja-ja daga kati, a ƙarƙashin fitilar kanti. Tagar ɗakin yamma take kallo. Da safe lafiya lau. Da la'asar sakaliya, da jar ranar nan ta shigo, sai ɗakin gaba ɗaya ya koma ruwan hoda, jajayen kujerun amarya suka rasa inda za su tsaya. Saura kwana huɗu kai amarya. Ni na biya kuɗin sake fentin, domin amana aka ba ni, kuma har yau ina jin nauyin matar nan. Tun daga ranar sai na sayi ƙaramin gwangwani, an shafa faɗin kamu biyu a bango biyu mabambanta, shafi biyu, na gan shi da safe da yamma da dare, kafin in ce a sayo bokiti. Ka sani kuma launi na ƙara ƙarfi in ya mamaye bango. Abin da ya burge ka a kati, ka ɗauki wanda ya ɗan fi shi haske.

Ɗakin da tagarsa ke kallon yamma ya riga ya sha zafi, ka ba shi mai sanyaya ido, tsanwa mai haske ko shuɗi mai haske. Wanda katangar maƙwabci ta tare wa rana, ruwan madara ko ruwan ƙwai mara ƙarfi. Fari fat kuwa a Katsina, inda ƙura ke shigowa ko an rufe taga, wahala ce. Ruwan madara da ruwan ƙasa mai haske sun fi rufa wa bango asiri.

Ga lissafin da zai hana a cuce ka. Ɗaki ƙafa 12 da 12, in an cire ƙofa da taga, bangonsa wajen murabba'in mita 40 ne. Lita ɗaya ta fentin ruwa mai kyau na shafe kimanin mita 10 a shafi ɗaya, in bangon na da santsi. Shafi biyu ke nan lita 8, galan biyu masu lita 4. Sabuwar filasta ta fi haka sha, shi ya sa ake fara mata da shafin ƙasa, wanda masu fenti ke kira faraima. In haɗa maka launin aka yi a kanti, ka sa a juye duk bokitan a mazubi ɗaya a gauraya kafin a fara, domin da wuya haɗi biyu su zo daidai, kuma bambancin sai ya bushe yake fitowa, a tsakiyar bango. Ka tsaya kuma a kan ruwan da ake ƙarawa, abin da kamfani ya rubuta a jikin bokiti shi ne iyaka.

A baranda da hanyar shiga ɗakuna, inda yara ke bi da hannun miya, tsohuwar dabarar makarantu har yau ba ta da na biyu: daga ƙasa zuwa tsayin ƙugu launi mai duhu da fentin da ake gogewa da jiƙaƙƙen tsumma, sama kuma mai haske.

TAMBAYA: Anti, gidan haya nake, ciki da falo. A takardar yarjejeniya an rubuta ba fenti, ba buga ƙusa. Bangon kuwa wani kore ne mai ɗaukar ido. Ya zan yi? — Wata ma'aikaciyar jinya daga Abuja

AMSA: 'Yar'uwa, ki fara da tambayar mai gidan. Da yawansu abin da suke gudu shi ne a bar musu bango ja ko baƙi. In kika ce ruwan madara za ki shafa da kuɗinki, ba kowa zai ƙi ba, sai dai a rubuta amincewar a takarda. In ya ƙi, to kada ki yi faɗa da koren, ki rage masa fili. Labule ruwan madara mara fure, dogo har ƙasa. Dogon madubi a jingine da bango. Sannan ki ba koren abokan zamansa na asali, irin waɗanda ganye ke da su a jikin bishiya: ruwan ƙasa, katako, kaba. Ki shimfiɗa tabarmar kaba a tsakiya. Akwai 'yan maƙalai masu gam a baya da ke ɗaukar abu mara nauyi, ki gwada ɗaya a bayan ƙofa ki ga ko ba ya ɓare fenti, in lafiya ki rataye fayafai biyar ko bakwai a dunƙule wuri ɗaya. Ja jawur da ruwan hoda ki nesanta su da bangon nan.

TAMBAYA: Hajiya, ina gaisuwa. Autata zan aurar bayan Sallah. Ta dage komai na ɗakinta ya zama fari da ruwan gwal, gado, kujeru, labule, har kuloli. Ni kuma ina da kwalla da tasoshi da na gada wurin mahaifiyata, na adana mata tun tana goye. Ta ce kayan tsofaffi ne, za su ɓata mata tsari. Abin ya sosa mini rai. Ki raba mu. — Wata uwa daga Damagaram

AMSA: Hajiya, ina amsawa, Allah ya kai mu lokacin, ya ba su zaman lafiya. Na ji zafin da ke cikin wasiƙarki. Na sha ganin irinsa ranar jere, uwa ta juya baya tana share ido da gefen mayafi, a mayar da buhun kayanta cikin mota ba a ko kwance shi ba. Duk da haka ɗakin nata ne, a bar mata farinta da gwal ɗinta. Amma ki miƙa mata mujallar nan ta karanta wannan da kanta.

'Yata, fari da gwal suna ɗaukar ido, amma su kaɗai ba sa riƙe shi, kuma ƙawayenki da aka kai bana da yawansu irin ɗakinsu ke nan. Ki ce Mama ta fito miki da tasoshin nan na tagulla, ki goge ɗaya da lemon tsami da toka, ki ɗauraye, ki tsane ta da busasshen ƙyalle. Ruwan gwal ɗin da kike nema shi za ki gani, kuma shi ba ya ɓarewa kamar feshin da ke jikin kujera, in ya dushe gogewa kawai yake so. Uku daga cikinsu a kabad mai gilashi, ɗaya a kan teburin tsakiya da dabino da goro na baƙi, tsarinki bai ɓaci ba, ƙaruwa ya yi. Daga kwalla kuma ba a ce ki cika bango ba. Ki zaɓi uku ko biyar da launi ɗaya ya rinjaya a jikinsu, ja ko kore, ki jera su daga babba zuwa ƙarama, sannan ki ɗauko wannan launin ki sa a filo biyu da dardumar bakin gado. Wadda ta ɓantare har tsatsa ta fito ki bar ta a ado, kada a zuba abinci a ciki. Ke 'yar Damagaram ce, kin san baƙi daga nesa suke zuwa unguwar Birni su ɗauki hoton zanen tsofaffin katangu. Da tsohuwar zuma ake magani.

Hajiya, ke kuma kada ki tilasta mata duka. Jere ya daɗe yana sauya kama, daga ƙwarya zuwa tasa, daga tasa zuwa kwalla, zuwa tangaran, zuwa kuloli, kuma kowane zamani 'ya ta ce wa kayan uwarta na tsofaffi. Ki ba ta abin da ta karɓa da daɗin rai, sauran ki mayar ma'ajiya. Na ga mata da dama da suka dawo da ƙafarsu suna tambayar kayan bayan haihuwar fari.

TAMBAYA: Anti, ina so in yi wa ɗakin yarana fenti mai haske, rawaya da ja. Su uku ne, babban shekararsa shida, ƙaramar tana rarrafe. Mai fenti ya ce a yi da fentin mai don ya yi sheƙi kuma ya wanku. Ya kika gani? — Wata uwa daga Gusau

AMSA: Maman yara, nan sai mun yi taka-tsantsan, domin maganar ta wuce ta ado. Fentin mai, musamman rawaya da ja da ruwan goro, shi ne aka fi samun dalma a cikinsa, don da ita wasu ke ƙara wa launi ƙarfi da saurin bushewa. Ke 'yar Zamfara ba sai an gaya miki mece ce gubar dalma ba. A 2010 yara sama da 400 suka rasu a ƙauyukan Anka da Bukkuyum. Waccan daga dutsen zinariya da ake niƙawa a cikin gidaje ta fito, ba daga fenti ba, amma gubar ɗaya ce, kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce babu wani adadinta a jinin yaro da za a ce ba shi da illa. Ƙwaƙwalwa take taɓawa, a hankali, ba tare da an lura ba. Mai rarrafe kuwa duk abin da ya ɓare daga bango baki za ta kai.

Ki sayi fentin ruwa mai ɗan sheƙi, wanda 'yan kanti ke kira satin, shi ma yana goguwa da tsumma. In dole sai an yi wa ƙofa da taga fentin mai, ki duba gwangwanin da kanki, ki nemi wanda aka rubuta ba dalma a ciki. Iyakar dalma a fenti da Majalisar Ɗinkin Duniya ke ba ƙasashe shawara ita ce kashi 90 cikin miliyan. Wanda aka ɗuro a galan ba suna ba tambari kada ya shigo gidanki. In akwai tsohon fentin mai a bangon, kada a kankare shi a bushe yara na gida. A jiƙa, a kankare, a kwashe, a goge ƙasa da ruwa, mai ciki ma ta nisanci wurin.

Launin kuwa, ɗakin barci ne. Rawaya mai laushi a bango ɗaya ta isa, jan ki sa shi a zanin gado da kwandon kayan wasa.

TAMBAYA: Hajiya, na sayo rinannen yadi a marinar Ƙofar Mata, na yi rigar filo da shi. Sai ga shi ya shafa wa farar kujerata shuɗi, har da rigar maigida. Cutata aka yi? — Wata mai karatu daga Bauchi

AMSA: Ba a cuce ki ba, ƙanwata, halin rinin baba ke nan. Marinar nan da ake lissafa kafuwarta tun 1498 da baba da toka take aiki, kuma shuni kwanciya yake a jikin zare, wanda ya yi saura a sama sai ya bi duk abin da ya goge shi. Turkuɗin Kura da Buzaye ke naɗawa ma ai don wannan sheƙin da shafar jikin ake son sa. Sai dai abin da ya dace da rawani bai dace da farar kujera ba.

Ki cire rigunan filon ki wanke su su kaɗai da ruwan sanyi da sabulu mara ƙarfi, ki yi ta ɗauraya har ruwan ya kusa fita garau, ki juya bayansu ki shanya a inuwa. In sun bushe ki goga musu jiƙaƙƙen farin ƙyalle. In ya ɗauko shuɗi, a sake wanki. Ko sun daina zuba, ki sa tela ya yi musu baya da farin yadi mai kauri, rinannen ya tsaya a fuska kaɗai. In kin koma saye, ki gaya wa marinin na kujera kike so, ya ba ki wanda aka ɗauraye, ba wanda ya sha shuni a mabuga ba. In kuma labule za ki yi da shi, wanda a wurina nan ne ya fi kyau, a sa masa shafi na alawayyo ta ɓangaren taga, don rana na cin launinsa.

Tabon kujerar kada ki sa masa ruwan zafi, kada ki dirje. Kumfar sabulu da ruwan sanyi a farin tsumma, ki riƙa dannawa kina ɗagawa, daga gefen tabon zuwa tsakiya, kina sauya wurin tsumman duk sanda ya ɗauki launi. Ki fara gwadawa a bayan kujerar, inda ido ba ya kaiwa.